Wa Zai Riƙe Makullin Rumbun Jininmu?

'Ya'yana da ƙannena na Gagarawa Tasha, da na Gumel, da Maigatari, da Sule Tankarkar, musamman ku da kuke ajin ƙarshe na sakandare, da ku da kuka fara taka jami'a.

Da yawanku ba ku manta da bazarar 2023 ba. A ƙarshen 2022 aka fara fama da sanƙarau a Damagaram, kuma cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na watan Afrilun 2023 ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda ake zaton sun kamu a faɗin Nijeriya 'yan Jigawa ne, Maigatari da Sule Tankarkar kuma su suka fi jin jiki. Duk wanda ya yi jinya a lokacin ya ga yadda ake lanƙwasa yaro a kan gado, a soka masa allura a gadon baya, a tari ruwa kaɗan a 'yar kwalba, a yi mata lamba, a sa ta a akwatin sanyi, a yi gaba da ita. Da wannan ruwan aka gane nau'in ƙwayar cutar da ta shigo mana, wadda likitoci ke kira C, da shi kuma aka san irin rigakafin da za a nema.

To, bayan an gama gwajin, ina ragowar ruwan ya tafi? A hannun wa yake? Idan gobe wani masani daga wata ƙasa ya ce a ba shi ya yi wani binciken daban, wa ke da ikon cewa e ko a'a? Amsa waɗannan tambayoyi sana'a ce mai zaman kanta, ana karanta ta, ana koyar da ita a jami'a, ana zama farfesa a kanta. Ita nake so in kwaɗaita muku, tare da faɗa muku nauyinta tun kafin ku ɗauka.

Sana'ar tana da ƙafa biyu. Ta farko ita ce binciken lafiya a kan mutane da koyar da shi: yadda ake gwada sabon magani ko rigakafi ko wata dabarar jinya, a tabbatar tana aiki kuma ba ta cutarwa, ta hanyar da kowane masani a duniya zai duba lissafin ya gamsu. Ta biyu ita ce kula da rumbun samfuran jiki. Wuri ne da ake adana jini, da fitsari, da yawu, da ruwan gadon baya, da 'yar tsokar da aka yanko a tiyata, kowanne tare da bayanin mai shi: shekarunsa, ciwonsa, maganin da ya sha, da yadda jinyar ta ƙare. Ana ajiye su a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, wasu ma a cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, su shekara goma ko ashirin ba su lalace ba.

Ku 'ya'yan manoma ne, ba sai na yi muku dogon bayanin rumbu ba. Manomin kirki ba ya cinye iri, domin akwai damina mai zuwa. Haka jinin da aka ɗiba bana zai iya amsa tambayar da ba a ma yi tunaninta ba sai nan da shekara goma sha biyar. Kun kuma san rumbu bai fi mai riƙe da makullinsa ba. Garinmu Gagarawa Tasha kansa, tashar jirgin ƙasa ce ta ba shi suna, a kan layin da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930. Kakanninmu sun yi ta kawo gyaɗa ana aunawa ana lodawa, amma sikelin yana hannun wasu, farashin ma a wata duniyar ake yanke shi. Yau jini da bayanan lafiya sun shiga sahun kayan da ake fita da su. Idan ba mu da namu masu riƙe sikeli, abin da ya faru da gyaɗa shi zai maimaita kansa.

Akwai labarin da ya wajaba duk mai son wannan aiki ya sani kamar sunansa. A 1996 an yi annobar sanƙarau da ta kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya. Ana tsakiyarta kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano ya gwada sabon maganinsa mai suna Trovan a kan yara kimanin 200. An ba kusan rabinsu Trovan, sauran aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi ɓarnar, kuma ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da baki. Iyaye da dama kuwa suka ce ba su taɓa sanin gwaji ake yi da 'ya'yansu ba. Daga baya ta fito fili cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna an rubuta ta ne bayan an gama gwajin. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi ya yanke a 2001 cewa gwajin ya saɓa ƙa'ida. Gwamnatin Kano ta shiga kotu a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyyar dala 175,000 kowanne. Kafin a biya ma sai da aka yi gwajin DNA don tantance iyalan da abin ya shafa. Shekara goma sha biyar ke nan tsakanin allura da diyya.

Ku lura da abu ɗaya a cikin wannan labari. Baƙo ba ya shiga gari sai da ɗan gari. A irin wannan aiki ɗan gida ne ke fassara wa iyaye, shi ke riƙe yaro, shi ke sa hannu a takarda. Da a ce a wancan lokacin akwai tsayayyen kwamiti na masana 'yan ƙasa da suka san ƙa'ida, suke kuma da ƙarfin halin cewa a dakata, da labarin ya sha bamban. Ɓarnar kuma ba ta tsaya a kan yara 200 ba. Lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, har zuwa watan Yulin 2004, wannan labari na cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Cutar shan inna ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka gurgunce, kuma sai a ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna.

Kada ku ɗauka mu kaɗai aka taɓa yi wa haka. A 1951, a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo a Amurka, an yanki ɗan nama daga jikin wata baƙar fata mai suna Henrietta Lacks, mai fama da ciwon dajin bakin mahaifa, ba a tambaye ta ba. Ta rasu a shekarar, amma ƙwayoyin jikinta suka ci gaba da hayayyafa a ɗakunan gwaje-gwaje na duniya, har da su aka yi amfani wajen gwada rigakafin shan inna. Kamfanoni suka yi ta cin riba, 'ya'yanta ba su san abin da ake ciki ba sai bayan fiye da shekara ashirin. Haka 'yan ƙabilar Havasupai na jihar Arizona suka ba da jininsu a 1990 don a binciki ciwon suga da ya addabe su, sai aka juya aka yi binciken taɓin hankali da na asalin kakanninsu da shi. A 2010 jami'ar da ta yi binciken ta biya su dala 700,000, ta kuma mayar musu da jininsu.

Irin waɗannan abubuwa ne suka haifi dokokin da za ku karanta. Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fitar da Sanarwar Helsinki a 1964 kan bincike da ɗan Adam, ta ƙara da Sanarwar Taipei a 2016 kan rumbunan samfura da na bayanan lafiya. A gida, Nijeriya ta samu kundin ɗa'ar binciken lafiya a 2007 ƙarƙashin kwamitin ƙasa na NHREC, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta biyo baya a 2014, sai Dokar Kare Bayanan Jama'a a 2023. Hukumar NAFDAC ce ke ba da izinin gwajin magani. Samfuri ba ya tsallaka iyaka sai da rubutacciyar yarjejeniya da ta fayyace me za a yi da shi, wa zai taɓa shi, da yadda za a yi da ragowarsa. Dokokin suna nan a rubuce. Abin da muke ƙarancinsa shi ne mutanen da za su tsaya a kansu ranar da mai kuɗi ya zo yana sauri.

Kada tsoro ya sa ku ce gara a rufe ƙofa baki ɗaya. Wanda ba a yi bincike a kansa ba, da ma'aunin wani ake yi masa magani. 'Yan asalin Afirka ba su kai kashi 3 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu ba, alhali Afirka ta fi kowace nahiya bambancin halitta tsakanin mutanenta. A babban aikin nan na duniya da aka tattara tsarin halittar mutane sama da dubu, samfuran Nijeriya daga Yarbawan Ibadan da mutanen Esan aka ɗauko. Babu Bahaushe, babu Bafulatani, babu Bamange. Shirin H3Africa, wanda Cibiyar Lafiya ta Amurka da gidauniyar Wellcome ta Ingila suka tallafa, ya kafa manyan rumbuna uku a nahiyar: ɗaya a Abuja, ɗaya a Jami'ar Makerere ta Yuganda, ɗaya a Afirka ta Kudu. Ana ta ginawa, da mu ko ba mu.

Ga kuma shaidar cewa in an yi aikin bisa ƙa'ida mu ne masu cin moriya. Rigakafin sanƙarau mai maganin nau'i biyar, wanda Nijeriya ta zama ƙasar farko da ta fara amfani da shi a watan Maris na 2024, da Jigawa a cikin jihohin da aka fara, a Mali da Gambiya aka gwada shi, da yardar mutanen can. A Madarunfa ta jihar Maraɗi an gwada rigakafin gudawar jarirai mai jure zafi a kan jarirai kimanin 3,500, aka buga sakamakon a 2017. A Kano, likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Asibitin Murtala, tare da abokan aikinsu na Kaduna da na Jami'ar Vanderbilt, sun bi yara 220 masu amosanin jini, suka nuna cewa ƙaramin awo na ƙwayar hydroxyurea yana kare su daga shanyewar ɓarin jiki. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin binciken E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu a kan mata sama da 200,000. Wata 'yar leda mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa a ga yawan jinin da ta zubar, in ya kai wani mizani a haɗa mata magunguna a lokaci guda. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin 100. 'Yan mata, ku dubi wannan baiwar Allah da kyau. A ƙasarmu akwai ɗakunan da mace kaɗai ke iya shiga ta yi tambaya a faɗa mata gaskiya.

Ta ina ake bi? Ta ajin da kuke zaune yanzu. Ku riƙe ilimin halittu da kimiyyar sinadarai da fiziks, ku ƙara da biyun da ake rainawa, lissafi da Turanci, domin bincike ƙidaya ce da rubutu. Ƙofar shiga ba ɗaya ba ce. Likita yana shiga, haka masanin ɗakin gwaje-gwaje, da ma'aikaciyar jinya, da mai harhaɗa magunguna, da masanin ƙididdiga, da mai ilimin kwamfuta. Lauya ma yana da kujera, malamin addini yana da tasa a kwamitin ɗa'a. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ga Bayero a Kano, ga Ahmadu Bello a Zariya. Wanda bai samu jami'a kai tsaye ba, ya fara da makarantar koyon aikin lafiya ta Jahun ko ta aikin jinya ta Birnin Kudu, ya ɗora daga nan. Bayan digiri na farko da hidimar ƙasa sai na biyu, a fannin lafiyar al'umma ko ƙididdigar cututtuka ko ɗa'ar bincike, wadda Jami'ar Ibadan ta daɗe tana koyarwa. Sai digirin digirgir. Matakan koyarwa kuma a jere suke, daga mataimakin malami zuwa babban malami zuwa farfesa, kowanne sai da bincike da aka buga da ɗaliban da aka yaye. Tafiya ce ta shekara ashirin ko fiye. Albashin ba ya kai wahalar, ga yajin aiki, ga tallafin bincike da za ka nema sau biyar a hana ka sau huɗu. Wanda yake son kuɗin sauri, kasuwar Maigatari tana ci kowace Alhamis, kuma sana'a ce mai albarka.

Wanda ya ji zai iya, ga guzuri.

Ka girmama ƙaramin aiki. Na taɓa aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje inda aka tafi hutun Sallah, wuta ta ɗauke, man janareta ya ƙare, wanda aka bar wa duba ma'aunin sanyi ya ɗauka wani ne zai duba. Da muka dawo, samfuran da aka shekara biyu ana bi ƙauye-ƙauye ana tarawa sun narke. Babu wanda ya yi sata, babu wanda ya yi mugunta. Amma ɗaruruwan mata da suka miƙa hannu aka ɗebi jininsu sun yi a banza, kuma ba wanda ya koma ya ba su haƙuri. Daga ranar na san cewa littafin da ake rubuta sanyin firiza safe da yamma, da lambar da ake manna wa kwalba, da sanin wanda zai tashi tsakar dare in ƙararrawa ta yi kuka, su ne gindin aikin.

Ka koyi neman yarda da Hausar da tsohuwa za ta gane. Takardar amincewa mai shafi takwas da Turanci, a karanta wa uwa a tsaye, ɗanta na suma a hannunta, a ce ta dangwala, wannan ba yarda ba ce ko da an samu dangwalen. Ka zauna ka nemo yadda za ka faɗa mata cewa ƙuri'a ce za ta zaɓi maganin da za a ba ɗanta, cewa ba a riga an tabbatar da sabon ba, cewa za a ajiye ragowar jinin shekaru, cewa in ta ƙi za a yi masa jinya daidai da kowa, kuma in ta yarda yau tana iya janyewa gobe. In ajami take karantawa, a rubuta mata da ajami. A je wa hakimi da dagaci da liman, domin ta ƙofa ake shiga gida, a kuma nemi fahimtar maigida. Amma yardar mai gari ba ta maye gurbin yardar mai jiki. Ka kula da kuɗin mota da ake ba masu zuwa: a inda ake fama da abin kai wa baki, kuɗin da ya wuce kima sayen yarda ne.

Ka zama mai rufa asiri. A gari irin namu kowa ya san kowa. Sakamakon gwaji ɗaya da ya fita daga bakinka a majalisa, na ƙanjamau ne ko na amosanin jini, zai iya fasa aure ko ya hana yarinya miji. Shi ya sa ake cire suna a sa lamba, a kulle littafin da ya haɗa sunan da lambar. Ko mahaifiyarka ce ta tambaya, amsar ɗaya ce.

Kada ka ƙirƙiri lamba. Ranar da motar aiki ta lalace, ka kasa isa rugar da aka tura ka, za ka ji shaiɗan yana raya maka ka zauna a gindin bishiya ka cike takardun da ka. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a wannan fage ƙaryar tana iya zama maganin da za a ba dubban yara. Haka mujallun bogi da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako guda: suna kawo ƙarin girma da wuri, su zubar da mutunci har abada.

Kada ka yarda ka tsaya a matsayin mai ɗiban jini kawai. Idan abokan aiki daga waje suka zo, ka karɓe su hannu bibbiyu, domin da yawansu mutanen kirki ne kuma akwai abin koyo a wurinsu. Amma tun kafin a huda jijiya ta farko a zauna a rubuta: wace tambaya ake son amsawa, kuma ta dame mu? Ina za a ajiye samfuran? Wa zai ba da izinin sake amfani da su? Wane ɗalibi namu za a horar? Sunan wa zai fito a kan aikin? In an gano magani, mutanen da suka ba da jininsu za su iya sayensa? Idan an gama kuma, ka koma garin, a tara mutane a ƙofar fada, ka faɗa musu abin da aka gano. Mutanenmu sun gaji da masu zuwa da farar mota su yi tambayoyi su ɓace.

In dama ta samu ka fita waje karatu, ka fita, ilimi ba shi da iyaka. Sai dai ka tuna mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba wanda zai zo daga Landan ya damu da dalilin da ya sa sanƙarau ke komo mana in zafi ya yi, ko yawan matan da ke rasuwa a hanyar asibitin Gumel, kamar yadda kai za ka damu. Kuma duk abin da ka koya, ka koyar. Malamin da ya yaye mutum goma masu tsoron Allah a wannan fage ya fi wanda ya buga takarda ɗari ya tafi da iliminsa kabari.

'Ya'yana, tun kuna ƙanana aka koya muku cewa ajiya amana ce, kuma za a tambayi mai riƙe da ita. Jinin da uwa ta bari aka ɗiba daga jikin ɗanta ya fi kowace ajiya nauyi, domin ba ta san inda za a kai shi ba, fuskarka kawai ta duba ta yarda. Za a ci gaba da ɗibar wannan jini a Gagarawa da Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar, ko kun karanta ko ba ku karanta ba. Ku yi karatu, ku kai inda ake yanke shawara, ku karɓi makullin rumbun nan ku riƙe shi da gaskiya. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku ilimi mai amfani.